Shuɗin da Ba Ya Wankuwa

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce firamare ba, hannuna kuma ya fi sabawa da sandar juya rini a kan biro. Ban da haka, akwai Inna a cikin labarin, ni kuwa tun tasowata ban saba musa mata ko da ido ba, balle in sa ta a takarda. Amma abin ya ƙi sakina. Ko da tsakar rana na rufe ido, sai in ga yaro a tsugunne bayan gangar ruwa. Shi ya sa na ce bari in sauke shi a nan.

Mu marina ne. A bayan gidanmu akwai fili mai daɓen siminti, da gangunan ƙarfe da aka yanke biyu aka ɗora a kan murhu, da manyan baho na roba, da igiyoyin shanya daga wannan katanga zuwa waccan. A kusurwa akwai babbar ganga guda da muke tara ruwa a ciki. Mutane suna kawo mana kayan da suka koɗe: wandon aiki, kayan makaranta, labule, zanin gado. Yawancinsu shuɗi suke so, don shi ke rufa wa tsohon kaya asiri. Ruwan da ke fita ta kwatarmu bai taɓa zama fari ba. In baƙo ya tambayi gidanmu, sai 'yan layi su ce masa ya bi shuɗin ruwa har inda ya fito.

Mu uku ke aikin: Inna, da ƙanenta da muke kira Kawu, da ni. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Duk hannunmu shuɗi ne. Safar hannu ba ta jimawa take yagewa, sai rini ya shiga ƙarƙashin farce ya yi gida. Kawu yakan ce ko kazar gidanmu aka yanka, shuɗin jini za a gani. Don haka shuɗi a jikin mutum bai taɓa ba mu tsoro ba.

Na taɓa yin ƙane. Ba a faɗin sunansa a gidan, amma lokacin da yake raye Ƙaramin Marini ake ce masa, kuma Kawu ne ya laƙaba masa. Dalili kuwa, tun da ya fara tafiya ba ya iya ratsa filin nan a miƙe. Sai ya taho daga ƙofar ɗaki, ya kai tsakiya, ya tsaya, ya tsugunna, gwiwoyinsa manne da ƙirji, daidai yadda Kawu yake tsugunnawa gaban baho in yana matse kaya. Ya ɗan jima a haka yana haki, sannan ya tashi ya ƙarasa.

"Ku ga ɗan gado," in ji Kawu. "Bai iya magana ba, ya iya zaman aiki. Kai, Marini, labulen mutane ya kama, ko a ƙara gishiri?"

Sai mu yi dariya. Shi ma ya yi, da leɓensa shuɗi da farcensa shuɗi.

Kowace yamma Inna takan zaunar da shi a cinyarta ta goge masa yatsu da lemon tsami da toka. Namu yakan ɗan dusashe in mun goge, nasa ko gezau. Yana kuka tana gogewa, yana ƙara kuka bakinsa yana ƙara duhu.

"Ka gani ko?" take cewa. "Ka sake tsotsar hannu. Wata rana sai na ɗaure hannun nan."

Yana da shekara huɗu, wata safiya, aka buga ƙofa da kaya. Inna ta fita karɓa, ta bar baho a buɗe. Ni ina can ƙarshen igiya ina shanya. Marini yana kuka saboda tayar motarsa ta gwangwani ta cire, kuka irin na kullum. Can sai kukan ya tsaya. Kawu ne ya same shi a bayan babbar ganga, a tsugunne, kansa a kan gwiwa. Ya kira shi da sunan wasa, ya sake kira. Da ya ɗago shi, bakinsa ya yi shuɗi har harshe, ga baho a buɗe a gefe.

Ba wanda ya yi wata tambaya. Maƙwabta suka ce ya sha ruwan rini, mu ma muka ce haka.

Daga ranar Inna ta sa kafinta ya yi wa kowane baho murfin katako, a kan kowane murfi kuma ana ɗora bulo. Ko ruwa za ka je sha, sai ka rufe, ka ɗora bulo, in ka dawo ka sauke. Aikin ya ƙara wuya, amma ba wanda ya yi ƙorafi. Da ƙarar murfin nan na girma. Bayan babbar ganga kuwa ba a ajiye komai, ko tsintsiya. In Inna za ta wuce ta wurin sai ta kauce, kamar akwai mutum a zaune.

Da na yi aure ban yi nisa ba. Mijina direban babbar mota ne, in ya tafi sai ya yi makonni, don haka kusan kullum ina gidan Inna ina aiki, a can ma na yi jego. Mace na haifa, 'yar mitsitsiya. Ba ta iya shan nono ta ƙoshi a zama ɗaya. Sai ta ja kaɗan, ta saki, ta yi haki, gumi ya tsattsafo mata a goshi, sannan ta sake kamawa.

"Wannan ai tsuntsuwa kika haifa," in ji Kawu. "Ta tsinci ƙwaya ɗaya, ta ɗaga kai ta gode wa Allah."

Sunan ya bi ta. Har yau Tsuntsuwa ake ce mata.

Inna ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. "Tsohuwa," take kiranta. "Ke da kika zo ƙwace min gida, ga ki ko cokali ba ki cika ba." Tun tana goye na lura da shuɗin farcenta. Na ce ai a hannuna take ɗauka. Inna ma haka ta ce, ta haɗa da faɗa, wai in riƙa wankewa har gwiwar hannu kafin in taɓa mata jika. Na yi ta wankewa har fatata ta tsattsage.

Tsuntsuwa ta yi jinkirin tafiya. Ranar da ta fara ratsa filin da ƙafarta dukkanmu muna wurin. Ta taho daga ƙofar ɗaki tana tangaɗi, hannuwa a sama, Kawu yana tafa mata. Ta wuce ƙarƙashin igiyar farko. Da ta kai babbar ganga sai ta dafa ta, ta zagaya cikin inuwarta, ta tsugunna, gwiwa manne da ƙirji.

Kawu ya buɗe baki. Na ga wasan ya zo har leɓensa, ya haɗiye shi. Sandar Inna ta zame cikin rini ba ta ma sani ba.

"Ya dawo," ta ce a hankali, ba da kowa take ba.

Ni kuwa sanyi ne ya kama ni tun daga ƙafa, ga wuta tana ci a gabana. Daga ranar kullum sai Tsuntsuwa ta tsugunna a wurin. Na san inuwa ce ke jan ta, wurin ya fi ko'ina sanyi a filin. Amma in na hango ta ta bayan zanin da nake shanyawa, ɗan ƙaramin kai a kan gwiwa, ba na sanin wa nake gani. Akwai ranar da na kira ta da sunan da ba a faɗa. Allah ya taimake ni Inna tana waje.

Lemon tsami da toka suka dawo. Inna ta riƙa bin murfi ɗaya bayan ɗaya tana girgiza bulo ta ji ko ya zauna. In ta ga bakin yarinyar ya yi duhu sai ta hau Kawu.

"Kai ne ka bar shi a buɗe."

"Yaya, wallahi na rufe. Ga bulon nan a kai."

"To daga sama shuɗin ya faɗo mata a baki?"

Kawu sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da juya kaya.

Wata rana da yamma wata mata ta zo karɓar labulenta. Nas ce a babban asibiti, daga aiki ta biyo, da fararen takalmanta tana tsallake kwata. Inna ta tafi sayen garin rini, Kawu yana can yana hura wuta. Ina naɗe labulen sai na ga ba ni matar take kallo ba.

"'Yar wa ce waccan?"

"Tawa ce, Anti."

"Kullum haka take zama?"

"In ta gaji."

"Tana yawan gajiya?"

Ni in aka jero min tambaya sai harshena ya yi nauyi. Ta ajiye jakarta, ta je ta durƙusa gaban Tsuntsuwa, ba ta ko damu da farin siket ɗinta ba.

"Zo nan, kyakkyawa, mu ga haƙoran nan. Wa ya ba ki su masu kyau haka?"

Ta ja leɓenta na ƙasa ta duba, ta sa ta fito da harshe. Ta kama yatsunta tana juyawa. Sai a lokacin na lura cewa kan yatsun sun ɗan kumbura sun yi zagaye kamar kan ashana.

"Rini ne, Anti," na ce. "Duk gidan haka muke." Na nuna mata hannuna.

"Fito da harshenki."

Kunya ta rufe ni, amma na fito da shi.

"Naki ja ne," ta ce. Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Ƙanwata, ni ba likita ba ce, kuma ba a tabbatar da wannan da ido, sai an sa na'ura an ga zuciyar. Amma akwai yaran da ake haifa da 'yar ƙofa a cikin zuciya inda bai kamata ba, hanyar da ke kai jini huhu kuma ta matse. Sai jinin ya riƙa zagaya jiki bai ɗauki isasshiyar iska ba. Shi ne shuɗin da kike gani. Tsugunnon nan ma ba wasa take ba. Jikinta ne ya gano cewa in ta naɗe ƙafa tana samun sauƙi."

Na riƙe igiya.

"Wani abu na ci da cikinta?"

"Yawanci ba a san dalili ba. Kada ki ɗora wa kanki."

"Ana warkewa?"

"Ana yin aiki a gyara. Na ga yara da yawa sun tashi suna gudu har uwayensu suna roƙon su zauna. Amma ba ciwon da ake zama da shi a gida ana jira ba ne."

Ta nuna min abin da zan yi in kuka ya tsananta numfashi ya gagara: in ɗauke ta, in naɗe mata gwiwoyi sosai zuwa ƙirji, in rungume ta, in lallashe ta ta yi shiru. Ta ce wannan na kafin a kai ta asibiti ne, ba magani ba ne. Ta ce in zo da safe ɓangaren yara in tambayi nas mai shuɗin labule, za ta faɗa musu. Sannan ta ɗauki kayanta ta tafi.

Da na juya, Kawu yana tsaye da itace a hannu, idonsa ya yi ja.

"Kawu, ka ji?"

"Hayaƙi ya hana ni ji."

Ya sa itacen a murhu, ya daɗe yana gyara shi ba tare da yana buƙatar gyara ba. Can ya ce, bai ɗago ba, "Ni na sa masa sunan nan. Yana tsugunne ina tambayarsa ko a ƙara gishiri." Ya goge fuska da gefen hannu. "Kada ki ce in gaya wa innarki, 'yar Yaya. Ba zan iya ba."

A nan na gane inda wuyar take. In na ce wa Inna na Tsuntsuwa ba rini ba ne, na ce mata na Marini ma ba rini ba ne. In kuma na yi shiru, na san inda tsugunnon nan yake ƙarewa, don na gani da idona.

Da Inna ta dawo na bi ta har ɗaki. Na gyara maganar a raina ta yi kyau, amma da na buɗe baki rabinta ne ya fito.

"Inna, nas ɗin nan ta ce a kai Tsuntsuwa asibiti."

"Me ya same ta?"

"Wai bakinta."

Inna ta yi tsaki. "Ta shigo gidan marina ta ga shuɗi ta tsorata. Gobe ta shiga gidan mai gawayi ta ce duk a kwantar da su." Ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa. "A kai ta su yi ta huda ta da allura, yarinya lafiyarta ƙalau? Ni na san maganin abin. Sakacinku ne, ke da kawunki."

Na kira mijina a waya. Yana kan hanya, ƙarar mota tana cinye rabin maganarsa. Ya ce Inna ta fi mu sanin yara, in bari ya dawo a duba.

Washegari Inna ta kwashe komai daga ɗakin gaba. Labule, zanin gado, har tsumman goge ƙafa, duk abin da ya taɓa shiga baho ta fitar. Ta wanke daɓe da bango, ta shimfiɗa farin zani. Ta ce daga yau Tsuntsuwa ba za ta ƙara taka filin ba, ni ma in bar aiki in zauna da ita.

"Za ki gani," ta ce. "Kafin mako ya zagayo farcen nan zai yi fari tas. Sai in ga bakin mai fararen takalma."

Muka zauna a farin ɗaki. Ina jin ƙarar murfi daga baya, ana ɗagawa ana rufewa. Tsuntsuwa takan tafi daga gado zuwa ƙofa, ta tsugunna a jikin ƙofar, ta sa ido a ƙasanta inda haske ke shigowa. Hannuna ya fara dusashewa. A gindin farcena wani ɗan ja ya fito, launin da na manta ina da shi. Nakan ɗora hannuna kusa da nata a kan farin zanin in daɗe ina kallo. Nawa yana tafiya, nata yana nan.

Kowace safiya Inna takan shigo ta kama yatsun ta duba a bakin taga.

"Ya fara sauka," take cewa.

Bai fara ba. Ita ma ba ta kallona in ta faɗa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Tsuntsuwa ta tashi daga barci ta ji Kawu yana 'yar waƙarsa ta juya kaya. Ta je ƙofa tana bugawa tana kiransa. Na ce mata a'a, Kaka ta hana. Ta fara kuka, kuka irin na kullum. Na san shi. Sai ya canza, ya zama jan numfashi, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Ta nemi tsugunnawa ta faɗi gefe. Leɓenta ya tashi daga shuɗi ya koma kusan baƙi, idanunta suka fara lumshewa.

Na ƙwala wa Inna kira. Ta shigo a guje, hannunta yana ɗigar ruwa.

"Me ta sha? Me kika bari ta sha?"

Ta durƙusa za ta cusa mata yatsa a maƙogwaro don ta amayar. Ban san lokacin da na kama hannun Inna na ture shi ba. Tun da aka haife ni ban taɓa ba.

"Inna, bari."

Na ɗauki yarinyar, na naɗe mata gwiwoyi har suka taɓa ƙirjinta, na matse ta a jikina yadda nas ta nuna min. Na sa bakina a kunnenta ina yi mata 'yar waƙar Kawu. Ina jin zuciyarta a tafin hannuna tana fizga kamar tsuntsun da aka riƙe. Ban san tsawon lokacin ba. Sannu a hankali jan numfashin ya sassauta. Jikinta ya yi laushi, ta buɗe ido.

Inna tana durƙushe, fuskarta dab da ta yarinyar. A gaban idonta baƙin ya ja baya ya koma shuɗi, shuɗin ya koma toka-toka, har wani ɗan ja ya leƙo a gefen leɓen.

Ban shirya maganar ba. Ina kallon daɓe na faɗe ta.

"Inna, ke kika koya min rini. Kin ce in ya kama ya kama, sai dai rana da wanki su ci shi a hankali. Wane rini ne yake zuwa yanzu ya tafi yanzu?"

Ta dubi farin zanin, ta dubi bango, ta dubi tagar da babu labule. Sannan ta dafa gwiwa ta tashi ta fita.

Ranar ban ƙara jin ƙarar murfi ba. Da rana ta yi sanyi na goya Tsuntsuwa na fito filin. An kashe wuta, kayan mutane suna jiƙe a baho ba a matse ba. Kawu yana zaune a kan bulo can nesa. Inna kuwa tana zaune a ƙasa bayan babbar ganga, a wurin da take kaucewa, ta jingina bayanta da ƙarfen.

Na tsaya a gefenta.

"Farar riga ce a jikinsa ranar," ta ce. "Ni na cire masa ita. Ki gaya min, yaron da ya sa baki a baho ya sha, rigarsa za ta zauna a bushe? Ko ɗigo babu a jikinta. Na gani. Na ninke ta na sa a ƙasan akwati, na fito na ce a kira kafinta."

"Don me, Inna?"

"In rini ne, sakacin safiya ɗaya ne. Na san yadda zan ɗauke shi. Na yi masa murfi, na ɗora bulo." Ta buɗe tafin hannunta tana kallo. "In ba rini ba ne, shekara huɗu yana tsugunne a gabana yana neman numfashi, ni ina goge masa hannu da toka. Wannan wane murfi zan yi masa?"

"Ba ki sani ba, Inna. Ba wanda ya sani."

"A lokacin nasa ne ban sani ba," ta ce.

Kawu ya ja hanci. Inna ta waiwaya ta dube shi.

"Kai kuma yau wane hayaƙin ne, ga wuta a kashe?"

"Na jiya ne, Yaya. Bai gama fita ba."

Tsuntsuwa ta leƙo daga bayana ta miƙa hannu tana kiran Kaka. Inna ta ɗago hannu kamar za ta kama, sai ta dubi yatsunta, ta mayar da su ƙarƙashin zani. Ba ta ce a tafi asibiti ba, ba ta ce kada a tafi ba. Ni ma ban tambaya ba. Na riga na yanke a raina cewa ko ta tsaya a bakin ƙofa, zan ce mata ta yi haƙuri in wuce.

Washegari da sassafe na yi wa Tsuntsuwa wanka a hankali don kada ta yi kuka, na sa mata riga, na ɗauki mayafina. Na fito ina maimaita haƙurin da zan bayar. Sai na tarar da Inna a bakin famfo da kayan fita a jikinta. Ta yanke farcenta har nama, tana dirzar hannu da ruwan cire launi, fatar ta yi ja kamar an ƙona.

"Inna, za ki ji ciwo."

"Kada wani ya ga hannunmu ya ce rini ne ya sallame mu," ta ce. Ta ɗauraye, ta goge. A gefenta akwai 'yar leda, na hango farin yadi a ninke a ciki. "Za su tambaya ko an taɓa yin irinsa a gida. Ni zan faɗa. Ke bakinki nauyi gare shi."

Sai ta faɗi sunansa, na gaskiya, wanda aka raɗa masa. Ta faɗe shi a hankali kamar mai gwada ko harshenta zai ɗauka.

Kawu ya fito yana ɗaure wando. "Yaya, in hura wuta?"

"Hura. Labulen mutane ba zai rina kansa ba."

"Murfin fa?"

"Rufe. Akwai yara a layi."

Na goya Tsuntsuwa, na gyara mata ƙafafu suka naɗe sosai a bayana. Muka bi ta gefen babbar ganga, ban kauce ba. Na buɗe ƙofa, na tsallake kwata, na tsaya na miƙa wa Inna hannu ta tsallako, muka nufi bakin titi.